Kwanson harsashi ba shara ba ne

Duk harsashin da aka harba yakan bar kwanso a ƙasa. A Najeriya ba a cika damuwa da wanda ya tsince shi ba, kuma wannan sakaci ne.

A Amurka mafarauta kan sake ɗura kwanso a fili, bisa doka. Ƙarfin fashewar albarushi yana buɗa tagullar, don haka sai an matse ta ta koma girmanta na asali kafin ta sake shiga bindiga. Kowane matsi yana ƙara mata tauri, har wata rana ta tsage. Shi ya sa suke aiki da ma'auni, su yar da kwanson da ya gaji.

A nan kuwa, Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana haɗa harsashi sai inda hukuma ta amince. Amma Adamawa ta nuna tazarar da ke tsakanin doka da zahiri. Da Boko Haram ta kama Mubi a Oktoban 2014, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, maharba ne suka taya sojoji ƙwato garin a Nuwamba, akasarinsu da bindigogin toka da na farauta. An yaba musu, har yau ana neman taimakonsu.

To, idan harsashin maharbin Bako ko na Jimeta ya ƙare, ina zai dosa? Muddin halattacciyar hanya ta yi masa nisa, abin da ya rage shi ne tsohon kwanso da mai ɗuri na ɓoye, wanda ido ne ma'auninsa. Irin wannan harsashi na iya fashe wa mai shi a fuska, kuma mai ɗurin ba ya bambanta maharbi da mai garkuwa da mutane.

Kwanso kuma shaida ne. Tambarin da ke gindinsa yakan nuna masana'antar da ta yi shi, sau da yawa har da shekara. In ya faɗa buhun 'yan gwangwan, sawun ya ɓace.

Gyaran yana hannun Abuja. Cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai, wadda aka kafa a 2021, ta wajabta ƙidaya kwanson da jami'an tsaro suka harba, a mayar wa DICON da ke Kaduna ta narka. A yi wa maharba rajista, 'yan sanda su riƙa ba su harsashi bisa lissafi: kawo fanko, karɓi sabo. Masu tsara wa ministoci takardu su tuna, hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.