Bishiyar Gida: A Duba Saiwa Kafin a Yi Kwaɗayin Inuwa



Bari in fara da laifin kaina. Shekara tara ke nan da yayana ya tare a sabon gidansa a bayan garin Kano, ɗan fili ne rabin fuloti. Ranar da muka je ganin gida na tarar da tsakar gidan fayau, ko inuwar da kaza za ta fake babu. Da na koma ƙauye sai na saro reshen ceɗiya na kawo masa tsaraba, muka kafa shi taku uku daga shadda, muna ta murna. Ceɗiya kuwa ba ta da wuyar kamu. Cikin shekara huɗu ta yi rumfa, yara na wasa a ƙasa, matarsa ta mayar da girkinta can.

A shekara ta bakwai shadda ta fara toshewa. Da aka buɗe sai ga saiwoyi sun cika ta kamar an zuba igiya. Katangar da ta raba shi da maƙwabci ta tsage tun daga tushe, har sai da mai unguwa ya shiga maganar. Aka kira mai gatari ya sare bishiyar, aka gyara shadda da katanga da kuɗin da ba a shirya ba. Yayana ya yi fushi ya malale tsakar gidan gaba ɗaya da siminti, ya ce shi da dashe har abada. Yanzu idan watan Afrilu ya kama, ba mai iya taka tsakar gidan nan da rana ba takalmi, kuma da dare simintin yana ta amayo zafin da ya sha har bayan isha'i.

Ni na yi kuskure da na kawo bishiyar da ta fi ƙarfin gidan, shi ma ya yi kuskure da ya yanke cewa kowace bishiya haka take. Ra'ayina shi ne duk gidan da ke da ko taku biyar na ƙasa ya kamata a ce akwai abin da aka dasa a ciki, amma kafin a haƙa rami sai an amsa tambaya uku: ina saiwarta za ta bi, wa zai shayar da ita a rani, kuma me za ta ba mutanen gida.

Maganar saiwa ita ce ta farko domin ita ce ba a gani sai ta yi ɓarna. Ceɗiya da durumi da gamji da ɓaure duk dangi ɗaya ne, kuma halinsu ɗaya: saiwarsu tana bin danshi duk inda yake, ta shiga bututu, ta ɗaga daɓe, ta tsaga gini. Shi ya sa magabata suka ajiye durumi a ƙofar fada da dandali da bakin kasuwa, inda akwai sarari. Kuka da tsamiya da rimi da maɗaci su ma na fili ne. Bishiyar turare, wadda asalinta daga Ostareliya take, tana da saurin tsawo amma tana shan ruwa da yawa, kuma reshenta kan karye ba sanarwa. Tunda guguwar farkon damina daga gabas take taso mana, kada ka yarda ka dasa irinta a gabashin rufin ɗakinka.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, ta cancanci a yi mata adalci. Daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, ta kuma zauna da mu har wasu ba su san baƙuwa ba ce. Ita ta rufe titunan Maiduguri da inuwa, kuma da ita aka jera shingen tare iska a kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar tun daga 1975. Tana jure fari, kuma tana da ganye a lokacin da zafi ya fi tsanani. Amma girmanta ya fi ƙaramin tsakar gida. Wurinta ƙofar gida ne ko gefen layi, nesa da wayar lantarki, kuma a bar aƙalla mita biyar zuwa shida tsakaninta da gini. Mangwaro ma wannan tazarar yake so. Idan gidanka ba shi da wannan sararin, ka haƙura da su, akwai ƙananan da za su ishe ka.

Tambaya ta biyu ita ce ruwa. A yawancin ƙasar Hausa ruwan sama na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas kai ne damina. Mutumin da ke sayen jarka wurin 'yan garuwa bai kamata ya dasa ayaba ba, domin ayaba ba ta san haƙuri ba. Haka ciyawar ado da ake shimfiɗawa a gidajen masu rijiyar burtsatse. Wanda ruwa ke masa wuya ya nemi zogale da rumman da lalle da magarya, musamman magarya mai aure wadda 'ya'yanta suka fi na daji girma da nama. Wanda ke da rijiya a gida ya ƙara da gwaiba da lemun tsami da gwanda. Akwai kuma ruwan da muke zubarwa kullum a rariya: na alwala, na wanke shinkafa da ganye, na ɗauraye kwanuka. In aka dasa bishiya kusa da inda ake alwala, rabin shayarwa ya tafi. Ruwan wanki mai omo da bilic ne kawai za a nisanta da ita.

Tambaya ta uku ita ce amfani, kuma a nan ne nake da ja da abin da ya zama yayi. Ku duba sababbin unguwanni, za ku ga an jera doguwar siririyar bishiyar nan mai ganye a rataye a jikin katanga, goma ko ashirin. Tana da kyau a hoto, ban musa ba. Amma ba ta 'ya'yan da ake ci, ba a miya da ganyenta, inuwarta kuma ko tabarma ɗaya ba ta rufewa. Inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Ruwan da ake ɗura wa goma daga cikinsu zai raya lemun tsami biyu da gwaiba ɗaya da zogale biyar.

Da za a ba ni ƙaramin gida a ce in tsara, zogale zan fara sawa a jikin katanga. Yana kamawa daga iri ko daga reshe, cikin 'yan watanni an fara tsinkar ganye ana kwaɗo, kuma in ana sare kansa daidai tsayin mutum sai ya yi rassa maimakon ya miƙe ya karye. Sai gwaiba ko lemun tsami ɗaya a yammacin ɗaki, domin bangon yamma ne ke shan ranar la'asar ya hana barci. Gwanda kuma a shuka uku ko huɗu, saboda akwai namiji akwai mace kuma ba a ganewa sai sun yi fure. A bar matan, a rage mazan. Gwanda tana 'ya'ya cikin kamar shekara ɗaya, amma ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta. Mai sarari da ke son mangwaro ya sayi mai aure, wanda kan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, alhali na ƙwallo yakan kai shida ko fiye kuma ba ka da tabbacin irin da zai fito. Dabino ma akwai mace da namiji, don haka guda ɗaya tilo a gida ado ne kawai in ba za a yi masa barbara ba.

Gidan da ke da yara akwai abin da bai kamata ya kwana a ciki ba. 'Ya'yan bini-da-zugu da na zurman guba ne, kuma suna kama da abin ci a idon yaro. Zaƙami kowa ya san aikinsa. Ruwan tumfafiya yana illa ga ido. In mai sayar da furanni a bakin titi ya miƙo maka abin da bai san sunansa ba, kada ka kai shi inda ɗanka ke rarrafe.

Na san uzurin da ake kawowa. Wasu sun ce bishiya na kawo sauro da macizai. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, a tsohuwar taya da gwangwani da kwata, maciji kuma tarkace da ɓeraye yake bi. Gidan da ake sharewa, ake rage rassan ƙasa, ba ya zama maɓoyarsu saboda gwaiba ɗaya. Wasu sun ce shara. Gaskiya ne akwai shara, kuma yawanci a kan mata take faɗawa, don haka maigida ya yi shawara da su kafin ya kawo dashe. Su ne ke wuni a tsakar gidan, su suka san inda rana ke duka da inda ake shanya. Ganyen da aka share kuwa in aka tara shi a rami ya ruɓe, taki ne. Masu haya kuma sukan ce gidan ba nasu ba ne. Tsohon bokiti da buhun siminti da rabin duro sun isa a raya ɗaɗɗoya da na'ana'a da shuwaka da tattasai, ranar tashi a ɗora su a kura tare da kaya.

Shi dashen kansa ba wuya. A jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A haƙa rami kamu biyu faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kiran gara. A yage ledar kafin a sa, kada a binne wuyan dashen fiye da yadda yake a leda. A kewaye shi da bulo ko ƙaya saboda awaki. Rani na farko shi ne jarrabawa: bokiti ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku, da yamma. In ya tsallake wannan, ya kama.

Wani zai ce mene ne haɗin marubuci da wannan duka. Haɗin shi ne abin da ba mu rayu da shi ba, ba ma iya rubuta shi. Labarai nawa muka karanta a nan inda jaruma ke zaune "a ƙarƙashin wata bishiya" tana shaƙar "ƙamshin wasu furanni"? Na taɓa karanta labarin da manomi ya fake a inuwar gawo a tsakiyar damina, alhali gawo a damina yake zubar da ganye, da rani yake tohowa. Haka wanda zai zaunar da mutum a inuwar kuka a watan Maris, lokacin da ta tuɓe ganye. Mai karatu na ƙauye yana ganin wannan zai daina yarda da sauran abin da ka faɗa. Mu ne fa mutanen da suka raɗa wa wurare sunan Kurna da Durumin Iya da Tsamiyar Boka da Rimin Gado da Magariya. Abin kunya ne jikokinsu su riƙe alƙalami ba su iya bambanta kanya da ɗinya ba.

Don haka ga aikin wannan mako. Ka fita layinku ka samo sunan bishiya biyar, wadda ba ka sani ba ka tambayi dattijon da ke zaune a ƙarƙashinta. Sannan ka auna tsakar gidanku da taku, ka duba inda shadda take da inda rana ke faɗuwa, ka gaya mana abin da za ka dasa in damina ta zauna da dalilinka. Ni dai na riga na lallashi yayana ya yarda a fasa simintin taku biyu a yammacin ɗakinsa. Lemun tsami za mu sa, kuma wannan karon sai da na auna nisansa da katangar maƙwabci.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.