Ƙauna, Tausayi ko Haƙƙi? Asalin Kalmar "Charity" da Yaran Bagega

Kalmar Ingilishi "charity", wadda ƙungiyoyin agaji ke kiran kansu da ita, ta samo asali daga Latin, "caritas", wato ƙauna, daga "carus", abin da yake da tsada a zuciya. Ta ratsa Faransanci kafin ta shiga Ingilishi, kuma da farko ƙaunar ɗan'uwa take nufi. Daga baya ta ƙanƙance ta koma abin da mai hali ke miƙa wa maras hali. 'Yar'uwarta "alms" kuwa daga Girkanci take, tushenta tausayi. (Kamanninta da "almajiri" haɗuwar sauti ce kawai, namu daga "almuhajir" ne, mai ƙaura.)

Mu kalmomi biyu muka aro daga Larabci, kuma ba ɗaya ba ne. Sadaka tushenta gaskiya, tushen da ya ba mu sadaki. Zakka kuwa tsarkakewa ce da bunƙasa, kuma ba a roƙonta: tana da nisabi, tana da lokaci, an ƙayyade rukunai 8 masu karɓarta. Mai sadaka a gode masa. Mai zakka nauyi ya sauke.

A ƙasar Anka wannan bambanci ya wuce zancen ƙamus. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF suka zo suka yi magani. Wannan sadaka ce, sun cancanci godiya. Amma maganin ba ya amfani matuƙar yaro zai koma wasa a ƙasa mai guba, shi ya sa yaran Bagega suka yi ta jira. Kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin bai fara ba sai 2013, bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin da aka daɗe ana kiranta ta saki.

A ganina, wannan kuɗi bashi ne da mutanen Bagega ke bin hukuma. Laifinmu 'yan jarida shi ne mukan zuba komai a buhu ɗaya mu kira shi "tallafi": maganin baƙo, hatsin Hukumar Zakka da Waƙafi ta Zamfara, da aikin da kasafin kuɗi ya wajabta. Wanda aka ce an tallafa masa godiya yake yi, ba ya tambayar me ya sa aka makara shekara 3.