FILIN NA'URA: Kafin Kuɗin Riɗi Su Tafi Wajen Sayen Furosesa

A kowace shekara idan aka gama yankan riɗi, buhuna suka nufi kasuwar amfanin gona ta Gadarif, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sukan sake launi. Maimakon "yaya zan gyara", sai ka ji "me zan saya". Irin wannan wasiƙa ce wani matashi ya aiko mana daga Shuwak. Ya ce yana da kwamfutar tebur wadda da rana yake haɗa bidiyon biki da suna a kanta, da yamma kuma yara su biya kuɗi su buga ƙwallo. Furosesar cikinta Ryzen 5 2600 ce a kan uwar allo B450, da ram mai giga 8 sanda ɗaya, da katin hoto GTX 1650. Wani ya ce masa ya sayi Core i9, a cewarsa ita ce ƙarshen magana, shi ne yake neman shawara.

To ɗan'uwa, amsar a taƙaice ita ce kada ka saya. Dalilan kuwa sun shafi duk mai irin wannan sana'a, daga Shuwak har Wad al-Hilew, shi ya sa za mu ɗan tsawaita.

Furosesa, wadda a Larabci ake ce wa mu'alij, ba kamar batirin rediyo ba ce da za ka ciro na wannan ka sa wa wancan. Kowace tana da mazauninta a jikin uwar allo, watau soket. Ryzen ta kamfanin AMD ce, Core i9 kuwa ta Intel, kuma ɗaya ba ta zama a gurbin ɗaya ko da za a sa guduma. Wanda ya sayi i9 alhali allonsa B450 ne, ya sayo wa kansa ƙarin hidima uku: sabuwar uwar allo, da babbar fankar sanyaya, da sabuwar fawa mai iya ɗaukar nauyin. Ko a cikin gidan Intel ɗin ma akwai tarko. Zubi na 6 da na 7 da kuma na 8 da na 9 duk soket ɗinsu sunansa LGA1151, amma allon na farko ba ya karɓar na baya. Mutane da yawa sun yi asara a kan wannan suna guda.

Mai wasiƙarmu ya yi sa'a ba tare da ya sani ba. Soket ɗinsa shi ne AM4, wanda aka fito da shi a 2016, kuma kamfanin ya yi shekaru yana ƙera masa sababbin furosesa. Allon da ya ɗauki 2600 ta shekarar 2018 zai ɗauki Ryzen 5 5600 ko Ryzen 7 5700X, waɗanda suka fito a 2022, ba tare da an canza ram ko fawa ba. Ta farko ƙwaya 6 gare ta, ta biyu ƙwaya 8, kuma dukansu wat 65 aka rubuta musu, daidai da tsohuwar tasa.

Kada a raina wannan magana ta wat. Mu ba a Turai muke ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Gadarif yana haura digiri 40, ga ƙura da ke toshe fanka cikin 'yan makonni. Furosesa idan ta kai wajen digiri 90 zuwa 95 sai ta rage gudu da kanta domin kada ta ƙone, ka ga kenan gudun da ka biya kuɗi dominsa ya tafi a banza. Core i9-14900K tana iya jan wat 253 ita kaɗai idan aiki ya yi nauyi, ban da katin hoto da allon kallo. Ga kuma halin wuta. Madatsar Atbara da Setit tana maƙwabtaka da mu, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kowa ya ga yadda wuta ta zama, balle bayan harin da aka kai wa tashar wutar Shuwak a farkon 2025. Mai aiki da sola da inbata ya san kowane wat kuɗin batir ne.

Akwai wani dalilin kuma. A 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa manyan furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 suna neman ƙarfin wuta fiye da kima har su lalace a hankali. Ya fitar da gyara ta hanyar BIOS, ya ƙara shekara biyu a kan garanti, amma wadda ta riga ta taɓu ba ta warkewa. Garantin nan yana da amfani ga wanda ya saya a kanti da rasiɗi a hannu. Wanda aka aiko masa da ta hannu daga Dubai ko Alƙahira ta Port Sudan, wa zai mayar wa?

Yanzu ga tambayar da ta fi wuya, wadda ita ce ainihin zaɓin: wasa ko bidiyo? Buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Wasa yana son ƙwayoyi kaɗan masu saurin gaske da kuma babban kash, watau ɗan rumbun da ke cikin furosesar kanta. Shi ya sa Ryzen 7 5800X3D mai kash na mega 96 ta yi suna a wajen 'yan wasa. Haɗa bidiyo kuwa, musamman lokacin fitar da aiki, kamar yankan riɗi ne, yawan hannu shi ke gama gona kafin kwanso ya fashe. A nan ƙwaya 8 ta fi 6, 12 ta fi 8. Amma a ganina mai katin GTX 1650 ba shi da abin yi da X3D, domin katin ne zai gaji tun kafin furosesar ta yi gumi, kuma wasan ƙwallon da yara ke bugawa ba ya cikin wasanni masu nauyi. Bidiyon biki shi ke kawo kuɗi mai kauri, shi ne kuma ke jawo rigima idan dangin amarya suka zo karɓa ba a gama ba. Saboda haka 5700X na zaɓa masa. A lura dai ba ta zuwa da fanka a cikin kwalinta, 5600 ce ke zuwa da ita.

Kafin ma a kashe ko jine ɗaya, a yi wannan gwaji na kyauta. A buɗe Task Manager yayin da ake fitar da bidiyo, a sake buɗewa yayin wasa, a ga wane ne ya cika ɗari bisa ɗari. Ina kyautata zaton a wannan kwamfuta ram ce za ta fara cika. Giga 8 ba ta isa haɗa bidiyo a yau, kuma sanda ɗaya tana hana Ryzen rabin hanyar da take ɗibar bayanai. Ƙara sanda ta biyu irin ta farko, su zama giga 16, shi ne abu na farko, duk da tsadar da ram ta yi tun ƙarshen 2025. Haka nan a leƙa cikin Premiere a tabbatar an kunna fitar da bidiyo ta katin hoto, domin katin Nvidia yana da sashen da aka gina musamman don wannan aiki, kuma da yawa ba su taɓa kunna shi ba.

Masu allon Intel kuwa, su kula da harafin F a ƙarshen suna. Core i5-12400F ta fi 12400 araha saboda an kashe mata sashen hoto, to amma a cikin sashen nan Quick Sync yake, wanda ke sauƙaƙa bidiyon H.265 da wayoyi da kyamarorin yanzu ke ɗauka. Mai wasa kawai ya ɗauki F. Mai haɗa bidiyo ya ƙara ɗan abin da ya rage. Masu laftof kuma su haƙura, tasu a liƙe take da dalma.

Ranar da za a sa sabuwar, a fara sabunta BIOS tun tsohuwar furosesar tana ciki, in ba haka ba allon B450 na iya ƙin gane sabuwar, a kunna a ga duhu. Kada a yi wannan sabuntawa da wutar gwamnati tsirara, a jona da UPS ko inbata mai cikakken caji, domin ɗaukewar wuta a tsakiya tana iya kashe allon. A bar kwamfutar ta ɗan yi ɗumi kafin a cire fanka, a murɗa ta a hankali maimakon fizgewa, saboda a AM4 allurai a jikin furosesar suke, kuma busasshen man sanyaya yakan tumɓuko ta tare da fankar. In ta hannu ce aka sayo, a duba alluran nan a hasken rana, sannan a buɗe CPU-Z a ga ko sunan da ke ciki ya yi daidai da wanda aka rubuta a murfi, tun kuɗi ba su fita daga Bankak ba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maganar katin hoto.