Injiniyan Manhaja: A Duba Aikinsa Kafin A Tambayi Ɗan Wane Ne

A Malikanci da sauran garuruwan Ikara, Maƙarfi da Kudan, duk yaron da aka gani rungume da kwamfuta "injiniya" ake ce masa. Mai gyaran waya injiniya, mai buga takardu a shago injiniya, mai yi wa ɗalibai rajistar JAMB shi ma haka. Duka sana'o'i ne na halak, amma aikin injiniyan manhaja daban yake. Shi ne zai zauna da mai makaranta ko shugaban ƙungiyar manoma, ya gane yadda kuɗi da bayanai ke shiga da fita, ya rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi, ya gwada, ya gyara, ya kuma ci gaba da kula da abin bayan ya fara aiki.

Rashin bambance waɗannan ne ke jawo mana asara. Mai makaranta yana son manhajar da za ta riƙe masa lissafin kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa. Sai ya tuna ɗan ƙanwarsa ya yi wani ɗan kwas a Zariya. A miƙa masa aikin don zumunci, ba gwaji, ba rubutacciyar yarjejeniya. Zango ɗaya abin ya tsaya cak, yaro ya tafi bautar ƙasa da lambar sirri a kansa, sakamakon yara ya bi iska. Ba damar tuhumarsa saboda kunyar uwarsa. Kuɗi sun tafi, zumuncin da aka so ƙarfafawa kuma ya yi tsami.

Dillalin rake a Maƙarfi ba ya biyan kuɗin gona don an ce masa mai ita ɗan mutunci ne. Sai ya shiga ya ga kauri da tsawo da idonsa. Me ya sa mai ɗaukar injiniya zai yi ƙasa da haka? Tambayoyi uku sun isa. Nuna min abin da ka taɓa ginawa, kuma su wa ke amfani da shi yanzu? In manhajar ta tsaya ranar biyan albashi, wa zan kira? Bayanan mutanena a hannun wa suke, kuma ina aka ajiye kwafinsu? Ta ukun ce mafi nauyi. Sunayen yara, lambobin wayar iyaye da na asusun banki amana ce, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da ta ɗora alhakin a wuyan wanda ya tattara su.

Takardar shaida na da darajarta. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, da Jami'ar Jihar Kaduna ta 2004, duka suna koyar da kimiyyar kwamfuta, kuma tushen da ake samu a can ba abin rainawa ba ne. Sai dai kasuwa aiki take saye. Da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas a 2020 kan sama da dala miliyan 200, abin da ya biya wa kuɗi shi ne manhajar da dubban 'yan kasuwa ke karɓar kuɗi da ita kullum.

Wani zai ce, in ba mu ba namu ba, wa zai ba su? Gaskiya ne. Amma hanyar taimakon ɗan'uwa ita ce a fara masa da ƙaramin aiki a ƙarƙashin wanda ya ƙware, a biya shi, a ƙara masa nauyi gwargwadon yadda ya nuna. Ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa kunyata shi ne.

Matasa kuma su sani wannan ba hanyar kuɗin dare ɗaya ba ce. Shirin horar da matasa fasaha na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, da cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna, ƙofa kawai suke buɗewa. Bayanta akwai shekaru na lissafi, Turanci, kuɗin data da fama da rashin wuta. Ga shi yanzu ƙirƙirarriyar basira na rubuta sauƙaƙan umarni cikin daƙiƙa, don haka mai kwafe-kwafe kasuwarsa ta fara mutuwa. Wanda zai tsira shi ne wanda ya san ciwon kan manomin tumatir a Hunkuyi, ya kuma iya tsara masa mafita. Iyaye masu fargabar kada ɗansu ya faɗa damfarar intanet, su ce ya nuna musu abin da yake ginawa da wanda ke biyansa. Mai aikin gaskiya ba ya ɓoye allon kwamfutarsa.

Wanda kuma ya samu ƙwararre, ya daina cewa "ai danne-danne ne kawai". A rubuta yarjejeniya, a ajiye lambobin sirri a hannun wanda ya ba da aikin, a ware kuɗin kulawa na shekara, a biya haƙƙi kan lokaci. In ba haka ba, gwanayenmu za su ci gaba da tafiya Abuja da Legas, mu kuma mu riƙa ɗauko su haya daga can da ninkin kuɗi.