Korar ma'aikaci da wanke sunansa

A watan Yuli na 2017 ministan ilimin firamare, Dauda Mamadu Marte, ya sa aka yi wa malamai ƴan kwantiragi jarrabawa a faɗin Nijar. Bayanta aka soke kwantiragin dubbai: wasu don makinsu ya yi ƙasa ƙwarai, wasu don sun ƙi zaman jarrabawar bisa kiran sandika. Auna malami haƙƙin gwamnati ne, babu gardama. Abin dubawa shi ne sunan da mutum yake komawa da shi gida.

A Yamai korarre yakan ɓace cikin taro. A Korgom ko Urafan, cikin gundumar Tasawa, ko Kanembakashe ta Mayahi, mushe sananne ne kamar liman. Ran kasuwa labari ya gama gari, kuma ba mai bambance wanda ya faɗi jarrabawa, da wanda ya bi sandika, da wanda ya ci kuɗin lakkol. Duka “an kore shi” ne. Albashi ya tafi, neman aure ya tsaya, ɗan kasuwa ma ya hana bashi.

Dokar ma'aikatan gwamnati ta 2007 ta tanadi majalisar ladabtarwa: kafin a kori cikakken ma'aikaci, sai a nuna masa dosiyensa, a saurari bakinsa. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, tun 1905 Faransa ta rubuta ta, bayan an gano ana tara bayanan asiri a kan hafsoshin soja. Amma ɗan kwantiragi igiyarsa gajera ce, takarda guda ta isa ta tsinke ta.

Hanyar ƙara tana nan: mutum ya fara kai kuka ga hukumar da ta kore shi, in ba ta janye ba, ya nufi kotun da ke duba hukuncin gwamnati. A 2017 kotun nan tana Yamai, fiye da kilomita 700 daga Tasawa, wa'adinta gajere, ga kuɗin mota da na lauya.

A ganinmu, takardar kora ta faɗi dalili ƙarara, har da cewa babu zargin sata in babu. Wanda kuma kotu ta wanke, a liƙa hukuncin a ƙofar inspekshon, a karanta shi da Hausa a rediyon garin.