Ba kullum ne laifin "natwok" ba: abin da ke hana shafin rajista buɗewa

A ce kai ɗan Wonaka ne. Ka yi sammako, ka biya kuɗin mota zuwa Gusau a kan hanyar da sai da addu'a ake bi, ka shiga shagon intanet don cike fom kafin a rufe rajista. Ka zauna tun hantsi har la'asar, shafi sai juyawa yake. Mai shago ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Oga, natwok ne." Amma wayarka a hannunka, TikTok na buɗewa, WhatsApp na shiga. To wane natwok kuma?

Mu 'yan Zamfara mun san ainihin rashin sabis. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su katse layuka a jihar saboda matsalar tsaro. Ba kira, ba saƙo, sai wanda ya tsallaka wata jiha ya nemo. Wancan shi ne babu natwok. Amma in Facebook na buɗewa shafin makaranta ko manhajar banki ta ƙi, matsalar ba a wayarka take ba, tana can wajen masu shafin.

Ni ɗalibin aikin jarida ne, ba injiniya ba. Wani abokina mai karanta ilimin kwamfuta ne ya zaunar da ni ya warware min zancen, bayan na kwana biyu ina fama da rajistar kwasa-kwasai. Bari in ba ka yadda na gane.

In ka danna maɓalli, buƙatarka na zuwa wajen wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Sabar ba ta riƙe sunanka da lambarka a kanta, sai ta je ta tambayi rumbun bayanai. Kafin su yi magana sai an buɗe layi tsakaninsu: a gaisa, a tantance kalmar sirri, a ware wuri. Buɗe layin nan na cin lokaci da ƙarfin na'ura, kuma layukan ƙidayayyu ne. Rumbun PostgreSQL, in ba a taɓa saitinsa ba, layi 100 yake karɓa a lokaci guda. MySQL kuma 151.

Ka ɗauka rijiya ce a tsakiyar gari. Maimakon duk wanda ya zo ya ɗinka sabon guga, sai mai unguwa ya rataye guga goma a bakin rijiya: ka ja ruwanka, ka mayar, na bayanka ya ɗauka. Haka masu haɗa manhaja suke yi. Suna buɗe 'yan layuka su ajiye, ana karɓa-karɓa. Shafuka da yawa a yau an gina su da Node.js, wanda Ryan Dahl ya fitar a 2009 don a riƙa aiki da harshen JavaScript a kan saba, kuma sanannen kayan aikin da ke haɗa shi da PostgreSQL layi 10 yake ajiyewa in ba a sauya ba. Goman nan na iya ɗaukar jama'a masu yawa, domin kowace tambaya ba ta kai ko daƙiƙa ɗaya ba, muddin kowa na mayar da guga.

Daga nan ne matsala ke ɓullowa, ta hanya uku. Ta farko, wani ya ja ruwa ya wuce gida da guga. Wato mai rubuta manhaja ya manta bai sa a saki layi ba in an samu kuskure a tsakiyar aiki. Da safe goma, da azahar shida, da magariba babu ko ɗaya. Shi ya sa za ka ji an ce "an kashe an kunna, ya dawo." Ba gyara aka yi ba, gugunan aka kwaso. Gobe ma haka za a yi.

Ta biyu, wani ya daɗe a bakin rijiya. Tambaya guda mai nauyi, misali a binciko suna cikin miliyoyi ba tare da an tsara jerin nema ba, tana iya riƙe layi na tsawon daƙiƙu, sauran duk su yi cirko-cirko.

Ta uku, garin gyaran gira a rasa ido. Jama'a sun yi yawa, sai masu shafi su kunna kwafin manhajar guda 20, kowanne da layinsa 10. Lissafa: 200 ke nan, alhali rumbun 100 yake ɗauka. Sai ya fara korar kowa. Kuma ƙara adadin ba lallai ya zama magani ba, don bakin rijiyar bai ƙara faɗi ba, igiyoyi ne za su sarƙe.

Mun ga irin wannan cunkoso da idonmu a farkon 2023, lokacin sauya fasalin Naira. Tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tiransifa, manhajojin bankuna suka riƙa sanƙarewa. A cire maka kuɗi, mai shago bai ga alat ba, ku tsaya kallon-kallo. Jiharmu na cikin uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, wadda a ranar 3 ga Maris 2023 ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi.

Kada ka fahimce ni baibai, ba kowace matsala ce ta layukan rumbu ba. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito har da hawaye ya amsa cewa an samu kuskure a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, wanda ya shafi ɗalibai 379,997. Bayanin hukumar shi ne wani gyaran manhaja bai isa wasu sabobi yadda ya kamata ba. Dalilin daban ne, amma darasin ɗaya: kuskuren mutum ne, yana da suna, ana iya gano shi. Kuma sai da ɗalibai da iyaye suka yi ta ƙorafi a soshiyal midiya kafin aka bincika.

To kai me za ka yi? Da farko, daina danna sabuntawa babu ƙaƙƙautawa. Duk dannawa sabon mutum ka ƙara a layin rijiya. In biyan kuɗi ne ya maƙale, kada ka sake turawa sai ka duba asusunka, don kada a cire sau biyu; ɗauki hoton allo, ka adana lambar ciniki, ka kai ƙorafi banki a rubuce. Kada ka jira ranar ƙarshe, ka gwada da asuba ko tsakar dare. Kafin ka hau mota daga Wonaka, Tsafe ko Bungudu, kira wani a Gusau ya duba maka ko shafin na buɗewa. Sannan ka yi hattara da mai cewa ka ba shi kalmar sirrinka ya "shigar da kai ta baya."

In kuma kana cikin masu koyon haɗa manhaja, ga amana: saki layi ko aiki ya yi ko bai yi ba, sa iyakar lokacin jira, lissafa jimillar layukan duk kwafinka, ka nemi sanin irin su PgBouncer, kuma ka gwada shafinka da cunkoson gwaji kafin ranar buɗewa.

Su kuwa hukumomi da makarantu, sun san adadin masu rajista, sun san ranar rufewa, su suka sa ta. Cunkoson ba ba-zata ba ne. In shafi ya faɗi, haƙƙinmu ne a faɗa mana me ya faru, yaushe za a gyara, kuma a ƙara wa'adi. Ɗan birni mai Wi-Fi a ɗaki zai sake gwadawa da dare. Ɗan Wonaka kuɗin mota ya ƙone, wataƙila har da shekarar karatu. Don haka gobe in an ce maka "natwok ne," ka tambaya: na wa?