Suna Linzami: Abin Da Kogin Shannon Ya Koya Mana

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, ba da jimawa ba da yawa daga cikinmu za mu zauna a ƙofar gida da sassafe, ga goro ga rago, liman yana jiran mu faɗa masa sunan da muka zaɓa wa jaririnmu. Saboda haka muka ga ya kyautu mu dubi labarin wani suna na ƙasar Ayalan, watau Shannon, domin akwai abin lura a cikinsa.

Shannon sunan kogi ne, shi ne kuwa mafi tsawo a tsibirin Ayalan. Ya taso daga wani ɗan tafki a lardin Cavan, ya yi tafiyar kilomita wajen 360, ya ratsa birnin Limerick, sa'an nan ya faɗa Tekun Atlantika. Littattafan sunayen jarirai sukan fassara shi da "tsohon kogi", don kalmar "sean" a harshensu na asali tana nufin tsoho. Tatsuniyarsu kuwa ta ce sunan wata budurwa ne, Sionann, wadda ta je wata rijiya neman ilmi, rijiyar ta tumbatsa, ruwan ya tafi da ita, ya zama kogin nan.

Abin mamaki shi ne, ba mazauna gaɓar kogin ne suka fara yayin sa wa 'ya'yansu wannan suna ba. Su sunayensu na gado su ne irin su Máire da Bríd da Seán. A Amurka sunan ya yi tashe. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta faɗa wa dankali, wanda shi ne abincin talakan Ayalan, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan ɗaya suka yi hijira. Jikokinsu suka tashi a Boston da New York da Chicago, ba su jin harshen kakanninsu. Daga 1945 jiragen sama masu ƙetare teku suka riƙa sauka a filin jirgi na Shannon, har ya zama ƙofar da 'yan ziyara ke shiga ƙasar ta wajenta. Da begen gida ya motsa musu, sai suka koma kan taswira suna tsintar sunaye: Erin, watau Ayalan ɗin kanta, Kerry, sunan lardi, Tara, tudun sarakunansu na dā, da kuma Shannon.

A shekarun 1970 Shannon yana cikin sunaye 30 da aka fi sa wa 'yan mata a Amurka, har da maza an sa wa. Nan da nan waɗanda ba su haɗa komai da Ayalan ba suka ɗauka, don daɗinsa a baki. A shekarun 1990 yayin ya ƙetaro zuwa Ingila da Ayalan. Yau kuwa ya kwanta, da wuya ka ji an sa wa jaririya shi a Amurka. Haka yayi yake, kamar zane ne, bana a yi rububinsa, baɗi a manta.

Wasu za su ce ai wannan duk shirme ne, mutum ya bar gida shekara ɗari sa'an nan ya zo yana aron sunan kogi. Mu ba mu yarda da wannan ba'a ba. Wanda yunwa ta kori kakansa yana da hakkin ya riƙe abin da ya saura a hannunsa. Amma muna cewa suna shi kaɗai ba ya ɗaukar gado. Ga shaida: tsarin mulkin Ayalan na 1937 ya ba harshensu na asali matsayi na farko, alhali ƙidayar 2022 ta nuna mutum wajen 72,000 kaɗai ke magana da shi kullum a wajen makaranta, cikin jama'a fiye da miliyan 5. Iyaye a can sun koma ga sunaye irin su Aoife da Saoirse da Fiadh, har Fiadh ya zo na ɗaya ga 'yan mata a 2021. Sunayen sun dawo cikin sauƙi, harshen kuwa har yanzu ana fama.

To, mu ma ba baƙi ba ne ga sunan wuri. Malam Aminu Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari da Sa'adu Zungur duk da sunayen garuruwansu duniya ta san su. Bambancin shi ne su sun sha ruwan garuruwan nan, sun kuma yi magana da harshen mutanensu. Mu da aiki zai watsa zuwa Ikko da Abuja da ƙasashen waje, me za mu bar wa 'ya'yanmu? Kada yaro ya tashi da sunan Katsina ko Gumel a takardarsa, amma ya kasa gaida kakarsa. Kada kuma mu yar da Tanko da Ladi da Jummai don wai ƙauyanci ne, mu bi sunan da muka tsinta a fim ba mu san ma'anarsa ba.

Shawararmu ita ce, kowa ya zaɓi sunan da zai iya yi wa ɗansa bayaninsa ran da ya tambaya, ya kuma haɗa masa da harshen da zai fahimci bayanin. Allah ya raya mana zuriya, ya sa mu dace.